Karkataccen Tudun Ƙarfe

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kana cin abinci na sosai, ba shayi da biredi kaɗai ba. Mu nan lafiya lau, sai tarin da ya kama ƙaramar 'yata, shi ma ya sake ta. Maigidana yana gaishe ka. Baba yana nan, ƙafa ƙalau, hannu ƙalau, idon ne dai kullum yana ƙara hazo. Har yanzu yana buɗe maƙera kowace safiya, ko da aiki ko babu.

Wasiƙarka ta iso ina tsakiyar haɗa hannun wata riga. Na ajiye almakashi na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Rubutun kansa rawa yake yi. Na gane abin farin ciki ya same ka, amma kafin in taya ka murna ina so in san abin da nake murna a kai. Ka san a waya rikicewa nake, shi ya sa na fi son takarda. Ga yadda na fahimta, inda na kauce ka dawo da ni hanya.

Ka ce akwai wata tauraruwa da ta taɓa zama ƙatuwa, ta fashe, abin da ya rage ya dunƙule ya zama curi. Faɗinsa bai wuce babban gari ba, amma ya fi rana nauyi. Ita kuke kira tauraruwar nutron. Tana da maƙwabci, suna zagaya juna, tana janyo iskar jikinsa. Iskar ba ta faɗa mata kai tsaye, sai ta yi ta kewaye ta kamar faifai, tana ɗaukar zafi, har ta fitar da hasken eksire, irin wanda aka ɗauki hoton ƙafata da shi a asibiti. Wannan hasken ba ya ratso iskar duniya, don haka na'urarku take can sama a kan tauraron ɗan'adam. Tauraruwar taku ta daɗe tana barci, yanzu ta farka, aka ba ku dama kuka juya na'ura kuka kalle ta.

Haka ne? Ni da karatuna ya tsaya a sakandare, ina tsoron in je ina ba mutane labari a baibai.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne layinka na ƙarshe, inda ka ce kun ga ƙarfe a cikin hasken. Ƙarfe irin na Baba? Ka san dalilin tambayata. Tun ranar da ya ce ƙarfe shan ruwa yake idan an tsoma shi da zafi, shi ya sa yake tauri, kai kuma ka yi dariya a gaban masu kawo aiki ka ce ba haka ba ne, bakinsa bai sake furta Auta ba. In zancenka ya taso sai ya ce "malamin ƙarfe". Ban kawo wannan don in fama maka tsohon miki ba. Tunani na yi, ko ƙarfen nan na sama zai buɗe ƙofar da na ƙasa ya rufe. Ko kuma ya ƙara mata sakata. Ni dai ban sani ba.

Yayarka.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, abinci kuwa ina ci, shaidata wandon da kika ɗinka mini, ya fara yi mini gardama. Ki gai da maigida da yara, ki ce wa mai tari kawunta ya ce ta daina shan ƙanƙara a ɓoye.

Ba ki kauce ko taku ɗaya ba. Na karanta wa abokan aikina bayaninki, ɗaya ya ce in tambaye ki ko kina karɓar ɗalibai.

Ƙarfe kuwa, shi ne dai na Baba, babu bambanci. Akwai shi kaɗan a cikin iskar da ke kewaya tauraruwar. Ki tuna yadda Baba yake ɗaga ƙarfe daga wuta ya juya shi wajen inuwa ya dubi launinsa, ya san ko ya isa duka. Kusan aikinmu ke nan. Na'ura tana tankaɗe hasken, mai ƙaramin ƙarfi gefe, mai babban ƙarfi gefe, sai mu zana yawan kowanne. Kowane sinadari yana da wurin da yake bayyana a zanen, kamar mai rumfa a kasuwa. Da muka je rumfar ƙarfe, sai ga shi zaune, ya yi tudu.

Yaya, ban san yadda zan gaya miki abin da na ji ba. Ɗakinmu ƙarami ne, tebur uku da taga mai kallon wurin ajiye motoci. Da zanen ya fito a kwamfuta na tashi na zagaya ɗakin, na zauna, na sake tashi. Malamarmu, wadda nake aikin a ƙarƙashinta, mace ce da ba ta da yawan magana. Ta zo ta tsaya a bayana ta daɗe tana kallo, sannan ta ce kada in taɓa komai sai ta kira sauran.

Ga zanen na sa miki a ciki, na yi wa tudun alama da jan biro. Ki yi haƙuri da yadda ya fito, injin buga takardarmu ya tsufa, jan takarda yake yi yana ɓata aiki. Ki nuna wa Baba in kin ga fuska. Kada ki ce ni na aiko ki. Ko ki ce. Ke kika fi sanin lokacin da hayaƙinsa yake kwanciya.

Sauri nake, an ba mu wani kallon kafin tauraruwar ta koma barci.

Auta.

*

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Gaisuwa gajeriya yau, kowa lafiya, Baba lafiya. Kafin ka ci gaba da karatu ka buɗe ƙunshin da ya zo da takardar nan. A'a, bari ka fara karantawa, in ba ka labarin daga tushe, kada in rikita shi.

Na kai masa abincin rana a maƙera, na jira ya ci ya wanke hannu, sannan na ce an ga ƙarfe a cikin hasken wata tauraruwa. Bai ɗago ba. Ya tambaya wa ya gani. Na ce malamin ƙarfe. Ya ce to, ai dama shi ya kamata ya gani. Na ɗauka zance ya mutu a nan, na fara haɗa kwanuka. Sai ya tambaya yaya aka yi aka san ƙarfe ne, tunda babu wanda ya je ya ƙwanƙwasa. Na gaya masa abin da ka ce game da launi da inuwa. Can ya miƙo hannu ya ce in ba shi takardar.

Ya kai ta kusa da hanci, ya kai ta nesa, ya fita bakin ƙofa wajen haske. Bai ga komai ba sai jan biron. Ya mayar mini ya ce idonsa ya ƙi. Auta, yadda ya faɗe shi ya hana ni sukuni yinin nan.

Da na koma shago dabara ta zo mini. In ido ya ƙi, ai hannu bai ƙi ba. Na samo kwali mai kauri, na zana tudun ya yi girma da allin ɗinki. Na lura gefen hagu ya zube ya yi doguwar jela, gefen dama kuma ya faɗo tsaye kamar bango. Sai na tuna ka ce injinku jan takarda yake yi. Na ce lallai aikinsa ne wannan, ba zan kai wa Baba abu a karkace ya sami abin faɗa a kanka ba. Na ninka kwalin biyu kamar yadda nake fitar da wuyan riga, na yanka. Da na buɗe, gefe da gefe daidai, ko awo ka sa ba za ka sami bambanci ba.

Washegari na kai masa. Ya bi bakin kwalin da babban yatsa, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ya dawo. Ya ce in bar shi a nan. Kwanaki kaɗan bayan haka ina wucewa na ji guduma tana tashi irin tashin da na daɗe ban ji ba. Ban leƙa ba, na ji tsoron in ɓata. Jiya ya miƙo mini abin da ke cikin ƙunshin nan, a naɗe cikin tsohon buhu, ya ce, "A aika wa mai shi. In a sama suna da ƙarfe, mu ma nan muna da shi."

Rodi ne mai kaurin yatsa, ya lanƙwasa shi ya fitar da tudunka, ya goge shi da mai har yana sheƙi. Na rubuta maganarsa a littafina na kullum tun kafin in cire mayafi, don kada in sauya ko kalma ɗaya. Ɗazu na ɗinka aljihu a baibai sai da na farke.

Yanzu ka buɗe.

Yayarka.

*

Yaya,

Ina lafiya, ina fata ku ma haka. Na buɗe. Ƙanshin man da gawayi ne ya fara tarbata, sai na ga kaina a kan ɗan bencin maƙera ina jan zuga-zugi. Na rufe ƙofar ɗakin aiki na zauna da shi a cinya. Ba zan faɗi sauran ba, kada ki ba yara labari su raina kawunsu.

Na kafa ƙusa na rataye shi a saman teburina. Duk wanda ya shigo sai ya taɓa. Malamarmu ta sauke shi ta juya, ta ga sawun guduma, ta ce wanda ya yi wannan ya san hannunsa. Sannan ta dube ni ta gefen ido tana murmushi, ta tambaya ina jelar ta tafi.

Yaya, ki zauna kafin ki karanta wannan, kuma kada ki ɗora wa kanki. Laifina ne, sauri ya sa ban yi miki bayani ba. Da na ce injin yana ɓata aiki, layukan nan masu duhu da suka ratsa takardar nake nufi. Karkacewar tudun kuwa ba ta inji ba ce. Ita ce dukan abin da muka samo.

Iskar da ke kusa da tauraruwar gudu take yi na fitar hankali. Gefen faifan da ke tahowa wajenmu haskensa yana ƙara ƙarfi, shi ne bangon nan na dama. Gefen da ke tafiya yana raguwa. Sannan nauyin tauraruwar yana riƙe hasken da ke son kuɓucewa, yana rage masa ƙarfi, shi ne ya ja jelar nan ta hagu. Tsawon jelar yake gaya mana yadda faifan ya matso kusa da ita, daga nan mu san iyakar girman da za ta iya yi. Tudu mai gefe da gefe daidai cewa yake akwai ƙarfe, shi ke nan. Namu mai jela cewa yake ƙarfen yana gab da bakin tauraruwar. Abin da na tashi ina zagaya ɗaki a kansa ke nan.

Amma ki ji roƙona. Kada ki gaya wa Baba. Gyara na yi masa sau ɗaya, kin ga inda ya kai mu. Wannan ƙarfen a wurina daidai yake, ko da murabba'i ya yi shi. Ki ce masa ya iso, na gode, na rataye shi inda kowa yake gani. Duk gaskiya ne.

Kuma wuyan rigar ya fita, Yaya, ba a taɓa yi wa tauraruwa ɗinki mai kyau haka ba.

Auta.

*

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa. Lafiya muke, ba ciwo ya hana ni ba. Na fara takardar nan sau da yawa ina yagewa.

Wasanka na wuyan riga bai ba ni dariya ba, ko da yake na san don ka sanyaya mini ka yi. Na ɗauko zanenka na asali na shimfiɗa a kan teburin yanka. Jelar tana nan sarai, ɗigo bayan ɗigo, babu abin da ya yi kama da kuskure. Ni ce dai idona ya saba, duk abin da gefensa biyu bai daidaita ba sai in kai masa almakashi. Wata da watanni kana wahala, na zo na datse maka a yanka ɗaya.

Na yi niyyar bin maganarka, Allah ya sani. Na kai masa abinci na ce saƙo ya isa, an gode, an rataye. Amma ka manta halinsa. Duk wanda ya karɓi aiki a hannunsa, ko ƙugiyar ƙofa ce, in sun sake haɗuwa sai ya tambaya ko ta zauna daidai. Haka ya yi mini. Ya ce, "Ya zauna daidai?"

Na ce an yaba sawun gudumar. Ya ce ba abin da ya tambaya ke nan ba. Idonsa ba ya gani sosai, amma kunnensa yana jin tsagewar ƙarfe tun kafin ta fito, balle muryar 'yar da ya haifa. Sai na faɗa masa duka. Na ce kwalin da na ba shi ne ba daidai ba, ni na ninka na yanka, tudun gaskiya yana da jela a hagu, kuma jelar ce aikin. Na nanata cewa kai ba ka ce a gaya masa ba, har hana ni ka yi.

Ya daɗe yana juya gawayi da awartaki. Ya tambaya mutane nawa suka gan shi a rataye. Na ce duk mai shiga ɗakin. Ya tambaya ko malamarku ta gani. Na ce ta gani. Sai ya ce, "A dawo mini da shi." Bai ƙara ba, ni ma ban iya tambaya ba. Ya miƙo mini kwano da sauran abinci a ciki.

Auta, ina jin na rusa abin da na gina. Da na yi shiru da ƙarya na yi masa, da na faɗa kuma ga shi. Na juya abin ta kowace fuska ban ga inda ya kamata in bi ba.

Yayarka.

*

Yaya,

Ina lafiya. Na sauke shi, ƙusar ce kaɗai a bango. Na mayar da shi cikin buhunsa na ɗaure. Tunda ya ce a dawo da shi, kayansa ne, zan kai gidan waya in an buɗe ranar aiki. Ba na jin haushinki, ki cire wannan a ranki. Na dai ɗauka an gama da wancan zancen, ashe aro aka ba ni.

Tauraruwar ta koma barci. Mun samu abin da muke so, malamarmu ta ce in fara rubutawa. Na zauna na kasa.

Ki gai da yara.

Auta.

*

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum, kowa lafiya, kada ka kai ƙarfen nan gidan waya. In ka riga ka kai, ka koma ka roƙe su su ba ka abinka. Na kira wayarka ta yi ta ƙara ba ka ɗauka ba, na san fushi kake da duniya, don haka na ba direban da zai taho wajenku takardar nan hannu da hannu.

Ni da kai duka mun karanta Baba a baibai. Yau da safe na biya ta maƙera in gaya masa ka ce za ka aiko. Na tarar da abin da ban gane ba. Ya fito da tsohon zuga-zugi, wanda ya ajiye tun da maƙwabcinsa mai walda ya haɗa masa na lantarki, yana shafa wa fatar mai. Bencinka na da yana gefen wuta, an sa masa sabuwar ƙafa. Dogon awartakin nan da kake cewa ya fi ka nauyi an kankare masa tsatsa.

Na ce masa saƙo zai taho ta gidan waya. Ya ajiye man ya juyo. Ya tambaya wa ya ce gidan waya. Na ce ai shi ya ce a dawo da shi. Ya ce tun da yake bai taɓa barin aikinsa a rataye a gaban mutane alhali bai zauna daidai ba, ba kuma zai fara da tsufa ba. Ƙarfen da ya karkace ba a jefar da shi, wuta ake mayar da shi. Amma ya gama aiki da takarda da kwali, sun yaudare shi sau ɗaya ya isa. Sannan ya ce, kuma wannan na rubuta shi yadda ya fito:

"Wanda ya ga abin da idonsa shi zai kawo shi. Auta ya riƙe awartaki ya nuna mini inda jelar ta nufa, ni in buga. Shi ya san na sama, ni na san na ƙasa."

Ka ga abin da ya kira ka? Na yi kamar ban ji ba, na sunkuya ina gyara ɗaurin takalmin da ba shi da igiya. Shi ma ya yi kamar bai faɗa ba, ya koma kan zuga-zuginsa. Har na kai ƙofa ya kira ni ya ce in tambaye ka tsawon jelar, ko ta kai rabin tudun ko ta fi, don ya san ko rodin zai isa a ja shi ko sai ya nemo wani. Na ce zan tambaya. Ya ce a'a, in bari, in ka zo ka faɗa da bakinka, kada in sake ninka maganar biyu. Yau kam na yi dariya.

Ka roƙi malamarku hutu ko na 'yan kwanaki ne, tunda tauraruwar ta kwanta ba za ta yi kewarka ba. Ka taho da zanen na asali, mai layukan injin da komai. Rubutun da ya ƙi fitowa ka zo da shi, akwai tebur a shagona, zan kwashe yadudduka.

Ban sani ba ko za ku gama aikin ba tare da kun yi musu a kan ruwan tsomawa ba. In ya ce ƙarfe shan ruwa yake, don Allah ka ce a sha lafiya.

Na yanka maka rigar aiki mai kauri saboda tartsatsi, irin ta Baba. Na ƙara faɗi a ciki saboda abin da ka ce game da wandon. Wuyanta na ninka biyu na fitar, gefe da gefe daidai. Na duba na sake dubawa, wannan kam haka ya kamata ya zama.

Yayarka.